Ranar da motar Yaya ta shaƙe a hanyar Zariya

Mun bar Kano da misalin ƙarfe takwas na safiyar Juma'a, ni da ƙanena, sati biyu bayan ƙaramar salla. Ɗaurin auren 'yar gwaggonmu za mu a cikin birnin Zariya ranar Asabar, na ce mu tafi da kwana ɗaya a hannu don mu samu zagaya dangi. Akwai wata motar a gida, amma ta Yaya na ɗauka, Allah Ya jiƙansa. A Samaru ya yi karatun injiniya, kuma duk sanda zai je Zariya da ita yake zuwa, shi ya sa raina bai ba ni in shiga garin da wata ba.

Mazda RX-8 ce ƙirar 2005, ja, mai giyar hannu shida, 'yar Kwatano. Da aka zo rabon gado kowa ya kauce mata saboda shan mai da wuyar kayan gyara, ni kuwa na karɓe ta da hannu biyu. A aljihun gabanta har yau akwai wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da Yaya yake rubuta duk abin da ya yi mata, ranar da ya juye baƙin mai, ranar da ya sauya taya, da kilomitar da take kai a lokacin. Shekara biyu tana hannuna ban taɓa zama na karanta littafin nan daga farko zuwa ƙarshe ba.

Tun da aka sabunta titin Kano zuwa Zariya tafiyar ta yi sauƙi, kimanin kilomita 140 ne. Muka wuce Kura da fadamun shinkafarta, muka wuce Kwanar Gafan inda ake ta loda kwandunan tumatir, muka wuce Kwanar Ɗangora. A Tashar Yari muka tsaya ƙanena ya sayi rake da mazarƙwaila zai kai wa Gwaggo tsaraba. Rana ta riga ta ɗaga, irin zafin bazarar nan da kwalta ke yin ƙyalli kamar an watsa mata ruwa.

Ba mu yi nisa da tashi ba na cim ma wata tirela mai ɗauke da siminti. Na sauko giya ta huɗu, na taka totur zan wuce ta. Wanda ya san irin motar nan ya san ƙarfinta a sama yake, allurar juyin injinta tana kai wa 9,000, kuma sai ta haura 5,000 take buɗe murya. Ranar allura na taɓa 5,000 sai motar ta yi turjiya, kamar dokin da aka fizgi linzaminsa yana tsakiyar sukuwa. Ta saki, ta sake kamawa. Fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama ƙyaftawa. Na koma bayan tirelar gabana yana faɗuwa.

Ƙanena ya ce, "Yaya, mu tsaya mana."

Da na bi maganarsa da gyaran bai kai inda ya kai ba. In fitilar nan ta kunnu ta tsaya cak, akwai matsala amma tana iya jira. In kuwa ƙyaftawa take yi, ma'anarta wuta tana tsallake wa injin, ɗanyen fetur yana gangarawa cikin salansa, kuma kowane kilomita aka ƙara ɓarna ake ƙarawa. Na san wannan. Amma na duba hagu da dama ba gari, ga zafi, na ce bari mu lallaɓa mu isa. Na yi tafiyar da ta fi kilomita ashirin a haka. Kafin mu shiga Dogarawa motar ta daina wuce sittin, allura ba ta haura 3,500 ko na manna totur da ƙasa. Ƙarar ta ma ta sauya, ta koma ta mai numfashi ta cikin tsumma. Wajen giya ya ɗau zafi har ana ji a gwiwa, wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika motar.

A Kwangila na samu gefe na tsaya, kusa da gada. Kafin in gama buɗe bonet mutane sun taru. Wasu samarin kanikawa biyu suka leƙa, ɗaya ya tambaye ni fistin nawa ce. Na ce ba ta da fistin ko ɗaya. Ya dube ni, ya sake duban injin, ya ce to ko ma mene ne injin ya buga, a sauke shi a buɗe, ko kuma a nemo injin wata motar a dasa mata. Ban ga laifinsa ba, abin da ya saba gani ke nan. Amma maganar ta soke ni, domin abin da nake tsoro ke nan tun daga hanya. Wani mai Keke Napep da ke tsaye yana jin mu ya matso ya ce, "Alhaji, kada ka bari a taɓa ta a nan. Biyo ni, akwai wani dattijo a Sabon Gari."

Garejin fili ne kawai da inuwar wata tsohuwar darbejiya da rumfar kwano, ba nisa da layin dogo. Dattijon yana zaune a kan benci yana wanke kafireto a cikin gwangwanin fetur. Gemunsa fari fat. Daga baya ya gaya mini tun zamanin da aka fara haɗa Fijo a Kaduna, a 1975, yake riƙe da sifana. Muka gaisa, na yi masa bayani. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya leƙa injin ya daɗe, sannan ya ce da harshensa na Zazzagawa da ba ruwansa da bambanta mace da namiji:

"Ɗana, gaskiya ban taɓa buɗe irin injin motan nan ba. Kuma abin da ban sani ba ba na sa mishi sifana. Zauna ka faɗa mini yadda yake aiki tukuna."

Tun da motar ta zo hannuna ban taɓa jin bakanike ya yi wannan magana ba. Nan take na ji hankalina ya fara dawowa jikina.

Na roƙi kwali da reza. Na yanko alwatika mai kumburarrun gefe uku, na zana a ƙasa wani gida mai siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, na sa alwatikar a ciki ina juya ta da yatsa, yadda Yaya ya taɓa nuna mini a tsakar gidanmu. Wannan alwatika ita ce rota. Kusurwoyinta uku kullum suna manne da bangon gidan, don haka ta raba shi ɗaki uku. Tana juyawa ɗakunan suna buɗewa suna tsukewa: a nan ɗaki ya shaƙi iska da fetur, a can ya matse su, fulogi ya ba da wuta, ya faɗaɗa ya tura rotar, ya zagayo ya fitar da hayaƙi. Babu fistin mai hawa da sauka, babu bawul, babu tof silinda. Rota biyu ne a motar, ta gaba da ta baya, kowace ɗakinta cc 654, jimilla 1,308, kuma in rota ta zagaya sau ɗaya sandar da ke tsakiya ta juya sau uku.

Yaran garejin duk suka bar abin da suke yi suka zagaye mu. Ɗaya ya tambaya wa ya ƙirƙiro wannan. Na ce wani Bajamushe ne, Felix Wankel, injinsa na farko ya tashi a 1957 a kamfanin NSU. Kamfanoni da dama sun gwada sun bari, Mazda ta birnin Hiroshima a Japan ce ta riƙe shi, ta fitar da Cosmo a 1967, RX-7 a 1978, har ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991 da mota mai rota huɗu. Irin tawa an ƙera ta daga 2003 zuwa 2012.

Baba bai ɗago daga kallon kwalin ba. Ya ɗora farcensa a kan kusurwa ɗaya ya ce, "To me ke tsare iska a nan? Ina ringin shi?"

Na ce nan ne ciwon yake, Baba. A kowace kusurwa akwai siririn ƙarfe da ake kira silin kusurwa, shi ke goga bango yana hana matsi zurarewa daga ɗaki zuwa ɗaki. In ya cinye ko ya karye, matsi ya tafi, sai an sauke inji an wargaza shi gaba ɗaya. Kuma don kada ya ci bango, akwai ɗan famfo da ke ɗiga baƙin mai cikin ɗakunan yana ƙonewa tare da fetur. Shi ya sa motar take cin baƙin mai ko da lafiyarta ƙalau, ake duba shi duk bayan shan fetur biyu.

Ya gyaɗa kai. Ya ce inji ko na aljanu ne abu huɗu yake nema, iska, mai, wuta da matsi, sannan ya samu ƙofar fitar da hayaƙi. "Za mu tambaye su ɗaya-ɗaya. Mu fara da wanda ba ya cin kuɗi."

Ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya duba robar ruwan lagireto, ruwa yana nan, babu kumfa, babu mai a kai. Sannan ya ce in kashe ta, mu ba ta minti biyar, in sake tayarwa. Wannan gwaji shi ya fi ba ni tsoro, na gaya masa dalili: injin rota da matsinsa ya yi ƙasa yakan tashi da safe yana sanyi, amma in ya yi zafi aka kashe shi, sai a yi ta kik ya ƙi kamawa. Na murza makulli da bismilla. Ta kama a bugu na biyu, tana kakkarwa, amma ta kama. Baba ya ce, "Motan nan bai mutu ba. Wani abu ne ya riƙe mishi wuya."

Aka buɗe gidan filtar iska. Ƙurar hunturun da ya wuce tana nan jibge, ya sa yaro ya kakkaɓe, ya fesa wa na'urar auna iska maganin wanki ba tare da ya taɓa siraran wayoyinta ba. Babu sauyi. Ya ɗaga kujerar baya ya kara kunne a kan famfon mai, ya ce in buɗe makulli. Famfo ya yi kukansa sumul. Ya ɗaura agogon awo a bututun mai, na taka totur, allurar agogon ba ta faɗi ba. Tankin ma ya fi rabi, don haka zancen famfo ya yi zafi saboda ƙarancin mai bai taso ba.

Ana nan aka yi kiran sallar Juma'a. Baba ya wanke hannu da omo da yashi, ya shiga rumfa ya fito cikin farar riga da hula, muka tafi masallaci tare a ƙafa. Da muka dawo ya aika aka sayo mana shinkafa da wake, ya hana ni biya. Ya ce baƙon Zazzau ba ya ciyar da kansa ranar Juma'a.

Bayan mun ci ya kira wani rewaya maƙwabcinsa mai na'urar karanta kwamfutar mota. Saurayin ya jona ta ƙarƙashin sitiyari, lambobi biyu suka fito, P0302 da P0420. Ya karanta ya ce ta farko tana cewa silinda ta biyu tana tsallake wuta, amma ai an ce motar ba ta da silinda. Na ce a wannan motar rota ta baya ake nufi. Ta biyun kuwa ƙorafi ne a kan indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawanmu suka raɗa wa wannan suna saboda cikinta ƙananan ramuka ne reras kamar taliyar da ba a dafa ba. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne babu lambar famfon baƙin mai, domin in shi ya samu matsala kwamfutar da kanta take rage wa motar ƙarfi don ta tsare injin, kuma alamun sukan yi kama da abin da muka gani.

Aka sa jak, aka cire tayar gaba ta hagu, don ta nan ake isa ga fulogi. Huɗu ne, kowace rota biyu, na ƙasa da na sama, kuma a jikin injin an buga harafin L kusa da na ƙasa, T kusa da na sama. Ba iri ɗaya ba ne, ba a musanya musu rami. Na ƙasa shi ke fara ba da wuta kuma shi ke ɗauke da nauyin aikin, na sama yana biyo baya ya ƙarasa ƙone abin da ya rage, saboda ɗakin dogo ne siriri, wuta ɗaya ba ta gama shi. Kafin ya zare waya ko ɗaya Baba ya sa aka ɗaura wa kowace tsumma mai launi daban. Ya jera fulogin a kan kwalin da na yanka. Uku sun yi ruwan ƙasa a bushe. Na ƙasa na rota ta baya ya fito baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, yana warin ɗanyen fetur.

Ya ɗaga shi sama ya ce, "Ga wanda bai je aiki ba. Saura mu ji ko shi ya ƙi, ko ba a aiko mishi da wuta ba ne."

Kowane fulogi da koyil ɗinsa, wato abin da ke aiko masa da wuta. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya da abin gwada tartsatsi. Biyu suka ba da wuta shuɗiya mai ƙara ƙyas-ƙyas. Na uku ja-ja, mai rauni. Na huɗu, wanda ke ciyar da baƙin fulogin nan, shiru. Don ya tabbatar ba waya ba ce, ya musanya wa koyil ɗin wuri da maƙwabcinsa, shirun ya bi koyil.

A nan ne ƙanena, da ke zaune cikin mota yana fifita da littafin Yaya, ya buɗe shi ya ce, "Yaya, zo ka gani." A wani shafi, da rubutun nan nasa mai kwanciya gefe, an rubuta: koyil huɗu, fulogi huɗu, wayoyi, kilomita 118,000. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, cewa tsofaffin koyil biyu masu kyau suna cikin but, gefen dama. Na dubi agogon motar, 171,000 da 'yan kai. Masu irin wannan mota sukan sauya koyil kusan duk kilomita 50,000, domin injin da ke juyi haka yana sa su aiki fiye da na sauran motoci, kuma kaya ne masu ƙarewa kamar birki. Ni ban taɓa sauya su ba. Na kuma tuna wata biyu ke nan tana kakkarwa da safe, shan manta ya ƙaru, ina ɗora laifin a kan fetur.

Muka kwashe kayan but, rake da jakunkuna da atamfofin biki. A lungun dama, cikin wata safa, ga koyil biyu a naɗe. Na riƙe su na kasa magana. Baba ya karɓa a hankali ya ce, "Allah Ya jiƙan mai wannan hannu. Ya san abin da yake yi."

Aka ɗaura su a madadin mataccen da mai raunin, aka wanke fulogi aka busar aka mayar. Ta tashi, kakkarwar ta ɗauke, ta tsaya tana kukanta siriri. Yaran suka yi sowa. Ni da Baba muka fita gwaji wajen unguwar PZ. Daga ƙasa lafiya lau, amma allura na kusantar 4,000 sai ta sake cijewa, ƙarar shaƙewar nan ta dawo. Na ji gwiwata ta yi sanyi. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce mun kama ɓarawo, saura mu ga abin da ya ɓata kafin a kama shi.

Magariba ta kawo jiki lokacin da muka koma. Ya ce kada in kashe, in riƙe totur kaɗan, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya yafito ni. A cikin duhun da ya fara sauka, tukunyar indomin ta yi ja kamar garwashin maƙera. Ya ce a kashe, a bar ta ta huce har gobe, ba mai taɓa ta yau.

Muka hau Keke muka tsallaka Kubanni zuwa Tudun Wada, muka shige ta Ƙofar Doka. Gidan Gwaggo ya cika da 'yan biki, ana ta daka da suya. Ta rungume ƙanena, ta dube ni ta ce, "Ina jar motar?" Na ce tana Sabon Gari wajen gyara. Ta yi shiru, ta share ido da bakin mayafi, ta ce duk sanda ta ji ƙarar nan a ƙofar gida ta san wanda ya zo. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na kunna fitilar waya na karanta littafin daga bango zuwa bango.

Da safe aka ɗaura aure ƙarfe sha ɗaya. A hanyar komawa na ratsa ta ƙofar Fada, na tsaya ɗan lokaci ina tuna ranar da Yaya ya shigar da ni tsohon masallacin Juma'a ya nuna mini bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure da ƙasa da azara tun shekarun 1830. Wani sashensa ya rufta a kan masallata ana sallar la'asar a watan Agustan 2023. Na yi wa waɗanda suka rasu addu'a na wuce.

Na tarar Baba bai kwance komai ba, yana jira na. Ya ce indomi abu ne mai kuɗi, akwai ƙarafa masu daraja a cikinsa, ana sayensa ko ya lalace, don haka ba ya buɗe na kowa sai a gaban mai shi. Aka kwance notina, aka sauko da tukunyar, ya haska tocila a bakinta. Inda ya kamata a ga ramuka reras, gaban ya narke ya dunƙule kamar ƙanzon tukunya, wani gefen ya farfashe, gutsattsarin sun toshe sauran. Ya girgiza ta, ta yi ƙarar tsakuwa a gwangwani. Ɗanyen fetur ɗin da rota ta baya ta yi ta turowa a nan ya riƙa kamawa da wuta. Hayaƙin injin rota dama ya fi na mai fistin zafi, ga kuma ƙarin mai, sai abin ya narke ya rufe hanya. In injin yana juyi kaɗan hayaƙin yana samun 'yar kafa ya fita, in ya ɗaga murya sai ya rasa ta inda zai bi. Da na ci gaba da tafiya a haka, zafin da ke komawa baya silin da nake tsoro zai je ya ci.

Tun da salansa tana ƙasa, na roƙe shi mu duba matsin don zuciyata ta huta. Gwajin gaskiya na wannan inji da na'ura ta musamman ake yi, mai ba da lamba uku ga kowace rota, ɗaya ga kowace fuska, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce kada ya gaza kilo 6.9 a kan murabba'in santimita in injin yana juyi 250 a minti. Agogon kanikawa na yau da kullum lamba mafi girma kawai yake riƙewa, sai ya ɓoye fuskar da ta mutu. Baba ya yi tunani ya ce to a danne ɗan maɓallin sakin iska, kada agogon ya riƙe komai, mu kalli rawar allura. Aka zare wayar na'urar da ke karanta juyin sanda don kada mai ko wuta su zo, aka ɗaura agogo a ramin fulogin sama, na danne totur na yi kik. Allura ta riƙa tsalle uku-uku, kai ɗaya, ba wadda ta gaza 'yar'uwarta. Aka koma rota ta baya, haka. Bai ba mu lamba ba, amma ya nuna ba silin da ya karye. Na yi hamdala a fili.

Na'urar da aka zare wa waya ma ya ciro ta, bakinta mai maganaɗisu ya tara garin ƙarfe kamar gashin baki, ya goge ya mayar.

Saura shawarar indomi. Abin da aka saba shi ne a sa rodi a farfasa cikin a zubar, a mayar da kwankon fanko, shi ke nan har abada. Ni ban yarda da wannan a matsayin gyara ba. Hayaƙin injin rota ba tare da tacewa ba yana da yaji, mai tafiya a bayanka da mai talla a bakin titi su ke shaƙa. Amma ba a samun irinsa a Zariya, kuma ƙananan da ake sayarwa na kowace mota ba sa jure wannan zafi. Muka tsaya a kan mai walda ya yanko bututu ya haɗa na wucin gadi don in isa gida, in nemi na ainihi. Baba ya juye gutsattsarin cikin leda, ya haɗa da tukunyar, ya sa a but da hannunsa.

Abu na ƙarshe daga littafin na samo shi. Bayan irin wannan aiki ana buɗe makulli ba tare da an tayar ba, a taka birki sau ashirin cikin daƙiƙa takwas, kwamfutar ta manta tsohon karatunta na juyin sanda ta sake koyo. Yaran suka tsaya a taga suna ƙirgawa da ƙarfi, ina kai ashirin allurar baƙin mai ta yi lilo ta dawo, alamar ta karɓa.

Bayan la'asar muka fita da Baba a gaba, ƙanena a baya. Na bar ta ta yi ɗumi sosai tukuna, don injin nan ba ya son a matsa masa da sanyi, ba ya kuma son a tayar a kashe nan take, fetur yakan cika ɗakunan ya ƙi tashi. Muka haura Kwangila, muka wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a Palladan, muka wuce babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Da hanya ta buɗe wajen Shika na sa giya ta biyu na taka. Allura ta wuce 4,000 ba ta waiwaya ba, ta wuce 6,000, 7,000, har 'yar ƙararrawar gargaɗi ta yi ƙara kusa da jan layi. Baba ya dafe gaban mota da hannu ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Da na sassauta ya ce, "Shekara hamsin ina jin inji, ban taɓa jin mai wannan murya ba."

Kuɗin da ya caje ni bai kai na man da na sha daga Kano ba. Na ƙara masa, ya mayar da rabi. Abin da ya roƙa shi ne in bar masa mataccen koyil ɗin zai fasa ya ga cikinsa, da alwatikar kwalin, wadda yaransa suka riga suka kafe da ƙusa a jikin darbejiya.

Ranar Lahadi muka koma Kano a hankali, tagogi a buɗe saboda warin hayaƙi. Sati biyu bayan nan sababbin koyil huɗu da fulogi da wayoyi suka iso daga Legas, na sake kamo hanyar Zariya na kai wa Baba ya ɗaura, tsofaffin biyu na mayar da su cikin safarsu a lungun dama. Indomin ne har yanzu nake cigiya. An yi mini alkawarin wani daga kasuwar kayan gyara ta Ladipo a Legas ƙarshen wata, na ce a turo hoton cikinsa da tocila kafin in biya.